Kwikwiyo Ba Karen Farauta Ba Ne Sai Ƙashinsa Ya Ƙosa

Jama'a, ga kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, hunturu ya kankama. Yanzu ne lokacin da mafarauta ke gyara gora da barandami, a kaɗa gangi, a fita da asuba ta Ƙofar Dawanau, ko ta Kabuga, ko ta Na'isa, karnuka suna gaba suna jan igiya. Saboda haka wannan mako maganarmu ba ta taki ba ce, ba kuma ta irin gyaɗa ba. Maganar kare ce. Na san wani zai ce, me ya haɗa filin manoma da kare? To, sai ya tambayi mai gyaɗar da kurege ya tone wa kunya goma, ko mai masara a bakin daji wanda birai suka yi wa ɓarna ana saura kwana biyu a karya. Kare mai gudu ma'aikacin gona ne sosai, sai dai shi ba ya zuwa karɓar lada da yamma.

Abin da nake so in faɗa zai ɓata wa waɗansu rai, amma gaskiya ce. Muna lalata karnukanmu da hannunmu, domin muna kai su farauta tun ƙashinsu bai ƙosa ba. Kowace shekara, kafin bazara ta shiga, in ka bi lungunan cikin birni inda masu karnuka suke, ba ka rasa ganin kare ɗan wata tara ko goma, dogo, siriri, mai kyan ƙira, yana tafe yana ɗingishi da ƙafar gaba, gaɓar ta kumbura kamar an cusa albasa a ƙarƙashin fata. In ka tambayi mai shi, sai ya ce baki ne ya kama shi, ko abokin gaba ya yi masa asiri, ko kuwa ya ce irin ne ba shi da kyau. Ba baki ba ne, ba asiri ba ne, irin kuma lafiyarsa lau. Gaggawar mai shi ce. Sauri kuwa, in ji mutanen da, shi ya haifi nawa.

Kada wani ya zaci ina sukar farauta. Sana'a ce da ta girmi ganuwar Kano. Littafin tarihin Kano ya nuna Barbushe, wanda ya zauna a Dala tun ba a san sarautar Bagauda ba, gawurtaccen mafarauci ne, ganuwa kuwa sai a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka fara ta. Malamanmu ma ba su hana ba. Duk wanda ya karanta Risala ya san an hana ajiye kare a gida haka kawai, amma an yarda da na gona, da na kiwo, da na farautar da mutum ke ci da ita. To, abin da aka yarda maka ka ajiye don ya yi maka aiki, lalle akwai hakkinsa a wuyanka. Wanda zai ba jakinsa dusa, ya duba masa kofato, bai kamata ya ce ƙafar kare ba komai ba ce.

Karnukan da nake magana a kansu su ne masu farauta da ido da gudu, ba masu bin sawu da hanci ba. Kun san ƙirarsu: dogayen ƙafafu, faɗin ƙirji, ciki a ɗame, kai siriri. Sarkinsu a wannan yanki namu shi ne karen Buzaye na ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, ƙasar nan da manoma suka sani saboda shanunta. Namijinsa yakan kai tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, amma nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba. Ku duba wannan lissafi: tsawo kamar ɗan maraƙi, nauyi kuwa bai fi rubu'in buhun gero ba. Turawa sun fara kai shi ƙasashensu wajen farkon shekarun 1970, yanzu har a Amurka ana kiwonsa ana alfahari da shi. Karnukan farautarmu na gida ba su kai shi tsawo ba, amma da yawansu ƙirarsu ta wajen nan ta nufa, kuma abin da ke samun ƙafarsa shi ke samun tasu.

Bari mu duba ƙafar kanta. Gaɓar nan da ke tsakanin tafin ƙafar gaba da gwiwar hannu, wadda mutane ke ce wa gwiwa, ba gwiwa ba ce. Ita ce daidai da wuyan hannun mutum. Ƙananan ƙasusuwa bakwai ne aka jera sahu biyu, jijiyoyi suka ɗaure su ta gaba da ta baya da ta gefe. Kare yana tsaye cik, ƙafafun gaba ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. In ya zabura da gudu, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suna sama, sa'an nan ya sauko a kan ƙafar gaba guda ɗaya tak, dukkan nauyinsa da ƙarfin gudunsa su taru a kan wannan 'yar gaɓa. Tana lanƙwashewa har ɗan tudun naman nan na bayanta, wanda kullum yake rataye ba ya taɓa ƙasa, ya dangwali ƙasa. In kun duba karen da ya dawo daga daji za ku tarar wurin ya goge, wani lokaci har da jini. Shi ne birkin kare.

Ga babban kare wanda ya saba, wannan ba wani abu ba ne, don haka aka halicce shi. Ga kwikwiyo kuwa magana ta bambanta, kuma a nan nake roƙon ku ku natsu, domin duk hujjata a nan take.

Ƙashin ɗan dabba ba ya tsawo ta ko'ina. Ta bakinsa yake tsawo. Kusa da kowane baki akwai wani ɗan faifai na guringuntsi, mai taushi, shi ke ta haifar da sabon ƙashi har dabba ta gama girma, sa'an nan ya daskare ya zama ƙashi shi ma. Dantsen kare ƙashi biyu ne a jere, kamar namu, kuma faifansu na ƙasa yana dab da wannan gaɓa da muke magana. Shi ya sa kuke ganin wuyan ƙafar kwikwiyo da kullutu, ya fi na uwarsa kauri. Wannan kullutu ba ciwo ba ne, alama ce cewa gini bai ƙare ba. Faifan nan ba ya rufewa sai kare ya kai wata takwas zuwa shekara guda, a manyan karnuka masu dogayen ƙafafu har yakan ɗan wuce haka. Bayan ya rufe ma, jijiyoyi da tsoka suna bukatar 'yan watanni kafin su cim ma ƙashin.

Abin mamaki kuma, faifan siririn ƙashin nan na waje ba a shimfiɗe yake ba, tsini gare shi kamar malfa. Saboda haka in kwikwiyo ya faɗa rami ko ya diro daga bisa, maimakon faifan ya zame, sai ya murƙushe. Shi kuwa wannan faifai guda shi ke ba ƙashin kusan kashi 85 cikin 100 na tsawonsa. In ya mutu, siririn ƙashi ya tsaya, babban kuwa yana ta girma, alhali a ɗaure suke da juna. Kun ga abin da ke faruwa in aka ɗaure ɗanyen reshe da tsirkiya: sai ya zama baka. Haka ƙafar ke yi. Ta gantsare ta gaba, tafin ya juya waje. Muguntar abin ita ce, ranar da ya ji ciwon ɗingishin kwana uku kawai zai yi, ya warware, mai shi ya ce ai ya warke. Sai bayan mako uku ko huɗu ƙafa ta fara karkacewa, lokacin an manta da ramin da ya faɗa. Daga nan sai a fara neman wanda ya yi asiri.

Akwai wani ciwon kuma wanda ba ya barin babba balle yaro. In kare ya diro daga wuri mai tsawo, jijiyoyin bayan gaɓar sukan tsinke. Alamarsa ba ta ɓuya: in ya taka, gaɓar sai ta nutse, har ta kusa taɓa ƙasa, ya zama kamar yana tafiya da dantse. Mu nan cikin birni muna da wuraren da ke jawo wannan fiye da mutanen ƙauye. Ga soraye, ga katangu, ga bakin kududdufi wanda ruwa ya janye ya bar gangare, ga sauran tudun badala inda yara ke hawa da karnuka suna tunzura su su diro don a ga wanda nasa ya fi zuciya. Wannan wasa ya kashe ƙafar karnuka da yawa waɗanda ko zomo ɗaya ba su taɓa gani ba. Jijiyar nan in ta tsinke ba ta komawa, ko an yi wata shida ana ɗauri. Sai dai likita ya yi aiki ya haɗe gaɓar da ƙarfe ta zama sanda guda. Kare zai yi tafiya, zai yi gadi, amma shi da kamun zomo sai a mafarki.

Turawa suna da wani kare ɗan'uwan waɗannan, wanda suke tsere da shi don caca. A Ingila an fara wannan tsere a zagayayyen fili a birnin Mancesta cikin 1926. Karen yakan wuce mil 40 a sa'a guda. Da yake kuɗi masu yawa ke ciki, likitocinsu sun bi ciwon ƙafarsa ƙashi bayan ƙashi, kuma abin da suka gano yana da amfani gare mu. Akwai ɗan ƙashi guda da ya turo ta bayan gaɓar, inda babbar jijiya ta kama. Sun tarar yakan ɓalle, kuma galibi a ƙafar dama, domin kullum hagu karnukan ke karya kwana. Watau ba miƙaƙƙen gudu ke karya kare ba, juyi ne. Duk da filinsu rairayi ne da ake bajewa ana yayyafa masa ruwa, dokar hukumar tserensu ba ta yarda a sa kare a tsere ba sai ya cika wata 15. Ba tausayi ne kaɗai ya sa su ba, asara suke gudu. Duk da haka raunukan sun yi yawa, har mutanen jihar Fulorida ta Amurka suka jefa ƙuri'a a 2018 suka soke tseren, aka rufe filayen a ƙarshen 2020.

To, ku gwada filinsu da namu. Mu lokacin farautarmu shi ne lokacin da ƙasa ta fi tauri a duk shekara. Gonakin da aka girbe kunyoyinsu suna nan sun bushe kamar tubali, kare yana gudu yana gicciye su ɗaya bayan ɗaya. Tushiyar dawa tana tsaye kamar an kafa masu. Ga fako, ga marmara, ga fadamar da ta bushe ta dare har ƙafa na shigewa, ga ramin gafiya da ciyawa ta rufe. Abin da ake bi kuma ya canza. Barewa ta yi wuya a kewayen Kano, abin da ya saura na manyan namun daji yana wurare irin dajin Falgore, inda doka ta hana farauta, tun Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 kuwa ake da wannan iyaka. Saboda haka yawancin aikin kare yanzu zomo ne. Zomo kuwa ba ya gudu miƙe. Sai kare ya buɗe baki zai cafka, ya yi wuf ya karkace. Tsohon kare ya san wannan, yakan rage gudu, ya yanke masa hanya. Yaro bai sani ba. Da dukkan ƙarfinsa yake zuwa, ya kafa ƙafa guda a kan busasshiyar kunya, ya murɗa jiki a kanta. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma kwikwiyo ƙafarsa yake ci.

Na san amsar da tsofaffin mafarauta za su ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, karen da bai ga daji da ƙuruciya ba ragon gida zai zama, ya ji kiɗa ya shige ƙarƙashin rumbu. Sun yi gaskiya, rabi. Koyo daban, aiki daban. Ba wanda ke ɗaura wa ɗan maraƙi garma ya ce ya yi huɗar eka biyu don yana so ya saba. Ana fara sa masa igiya, ya bi manya, ya ji muryar mai shi, sai ƙashinsa ya yi ƙwari a ɗora masa karkiya. Haka ya kamata a yi wa kare. Ɗan wata shida ya fita daji, amma a igiya. Ya ji gangi, ya ji ƙaho, ya shaƙi warin nama, ya ga yadda manya ke yi, a ba shi ɗan abin da aka kama ya lasa. A gida a bar shi ya yi wasa da 'yan'uwansa yadda ya ga dama a kan rairayi, domin kwikwiyon da ke wasa da kansa in ya gaji kwantawa yake yi, wanda kuwa ke bin garke ba ya tsayawa sai ya faɗi. In ya shekara, a fara sakinsa gajeren gudu a jigawa, sau ɗaya ko biyu, a mai da shi igiya. Cikakkiyar farauta ta yini guda kuwa, ni a ganina sai ya kai wata 15 zuwa 18.

Lissafin ba wuya. Wanda aka haifa da kaka ba a cika ruɗuwa da shi ba, domin lokacin fita yana ɗan wata uku ko huɗu, kowa ya ga yaro ne. Wanda ke shiga hatsari shi ne haifaffen farkon damina. In Janairu ta zo yana wata bakwai ko takwas, ya yi tsawon uwarsa, haƙoransa sun cika farare tas, yana jan igiya kamar zai tsinke ta. Mai shi ya dube shi ya ce wannan ai ya isa. Bai isa ba. Wannan rani ba nasa ba ne, na baɗi ne nasa. In ka haƙura da rani guda, kana iya cin moriyarsa rani biyar ko shida. In ka ƙi, ka ci zomo uku bana, ka ciyar da gurgu shekara takwas, ko kuwa ka yi abin da waɗansu ke yi, ka kai shi bayan gari ka yar, ya zama karen bola mai bin awakin mutane. Wannan kuwa zalunci biyu ne, na kare da na maƙwabta.

Abinci ma yana da hannu a ciki, kuma hannu babba. Yawancin 'yan kwikwiyonmu da me ake renonsu? Ƙanzo, da sauran tuwon jiya, da kunun dusa. Wanda ke ji da nasa kuma ya je kwata ya sayo masa tsoka da hanta zalla, yana ganin gata ya yi masa. Duka biyun abu guda suka rasa, watau sinadarin alli wanda ake gina ƙashi da shi. Hatsi da dusa da tsoka duk ba su da shi sai kaɗan. In jiki bai samu a abinci ba, sai ya riƙa zarensa daga ƙashi, ƙashin ya zama kamar kara, ya karye a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maganin yana kusa, ba kuwa tsada: nono, da ƙananan busassun kifi da ƙayarsu a daka a zuba cikin tuwon, da garin ƙashi. Amma kada a ce tun da yana da amfani bari a ɗura masa, domin in ya yi yawa shi ma yana ɓata girman ƙashi. Malamin dabbobi zai faɗa maka gwargwado. Dafaffen ƙashin kaza kuwa kada a ba shi, tsagewa yake yi ya soke hanji. Sa'an nan maganin tsutsar ciki tun yana 'yan makonni, don kada ka yi ta ciyar da tsutsa kana cewa kare kake ciyarwa.

Akwai wani abu da ke tsorata masu kwikwiyo a banza. Ɗan wata biyu ko uku, sai a wayi gari wuyan ƙafarsa ya turo gaba kamar zai durƙusa, ko ya nutse baya, alhali bai faɗi ba, ba ya kuma kuka in an taɓa. Wannan ba karaya ba ce. Ƙashi ne ya riga jijiya tsawo, galibi saboda abinci ya canza farat ɗaya, ko saboda an tsare shi a ɗaki mai santsi. Malaman ofis da 'yan kasuwa masu gidajen siminti da tayil, wannan taku ce. A gyara masa abinci, a fitar da shi tsakar gida mai ƙasa ya yi ta yawo, cikin 'yan makonni yakan miƙe da kansa. In aka ɗaure ƙafar da kara, sai tsokar ta ƙara mutuwa.

To, in abin ya riga ya faru a daji fa? Da fari a ɗaure masa baki da ƙyalle kafin a taɓa, domin kare mai jin zafi ba ya sanin ubangidansa. A duba tafin da tsakanin yatsu, watakila ƙaya ce ko tsinin kara, ko ɗan farcen nan na gefe ne ya ɓalle. In ba a ga komai ba, a gwada gaɓar da 'yar'uwarta: wadda ta fi kauri, ta fi zafi, ita ce. Daga nan farautarsa ta ƙare. A saɓo shi a kafaɗa, ko a sa shi a mota. Kada a ce bari ya taka jini ya sake. A gida a riƙa sa masa tsumma da ruwan randa mai sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, kamar minti 10, sau uku a yini, har kwana biyu ko uku. A tsare shi wuri ƙarami, ba gudu, ba tsalle. Ƙaramin targaɗe yana son mako uku zuwa shida, ko da ya daina ɗingishi tun a makon fari. Yawancin karnukan da suka nakasa ba ciwon farko ne ya gama da su ba, na biyu ne, wanda suka ji ranar da aka ce ai ya warware.

Amma in ya ƙi taka ƙafar sam, ko ta karkace, ko gaɓar ta nutse, ko kwana uku sun wuce kumburi bai sauka ba, ko kuwa karen bai shekara ba, to wannan ya wuce na gida. Asibitin dabbobi na Gwale yana nan cikin gari. In aikin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, inda ake ɗaukar hoton ƙashi. Hoto shi ke raba gardama tsakanin targaɗe da tsagewar ƙashi, hannu ba ya iyawa. In kun je kuma ku roƙi allurar rigakafin haukan kare, wadda ake yi a Vom, ku jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ba na raina maɗora, sun taimaki mutane da dabbobi tun ba asibiti. Amma ƙafar irin wannan kare fata ce da ƙashi, ba naman da zai tare matsi. In aka jera kara aka tamke da igiya, kumburi ya taso daga ciki, jini ya tsaya, kwana uku ƙafa ta yi sanyi ta fara wari. Duk wanda ya yi ɗauri, to ya shimfiɗa auduga da kauri tukuna, ya bar yatsu biyu na tsakiya a waje yana dubawa safe da yamma. In sun kumbura sun rabu da juna, ko sun yi sanyi, a kwance nan da nan. Tsaga da lalas kuwa ba abin da suke ƙara wa gaɓa sai ƙuda da ruɓa. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki na mutane da ake saya a kemis, irin su ibuprofen da diclofenac, guba ne ga kare, suna huda masa ciki su kashe ƙoda. Ko da ba su kashe shi ba, in suka ɓoye zafin sai ya tashi ya taka ƙafar da ya kamata ya ɗage.

'Yan kasuwa masu sayen karnuka daga arewa suna kawowa, da masu saye a hannunsu, ga taku. Ba a cinikin biri a sama. Kada ka sayi kare a kwance ko a cikin kwando. A tsai da shi a kan ƙasa mai tauri, ka tsuguna ta gabansa ka duba: ƙafafun gaba su sauko miƙe, tafin duka biyu su dubi gaba. Ka lanƙwasa gaɓar a hankali, ta lafiya tana naɗewa har tafin ya kusa taɓa dantse, wadda ta taɓa ciwo kuwa takan tsaya rabin hanya, kare ya janye. Sa'an nan kada haƙori ya ruɗe ka. Haƙoran girma suna gama fitowa tun yana wata shida ko bakwai, saboda haka cikar baki ba ta nuna ƙashi ya ƙosa. In mai sayarwa ya ce maka wannan ɗan wata takwas ne amma ya riga ya kama zomo biyar, yana nufin yabo ne, kai kuwa ka rage kuɗin.

Magana ta ƙarshe ga shugabannin farauta take, domin mutum ɗaya ba zai iya wannan gyara shi kaɗai ba. Saurayin da ya bar karensa a igiya, abokansa suna sakin nasu, dariya za a yi masa, a ce karensa matsoraci ne, gobe kuwa zai sake shi. Amma 'yan farauta mutane ne masu bin doka in ta fito daga bakin manyansu. Suna da ƙa'idar wanda ya fara bugu, da ta rabon nama, da ta wanda ke shiga gaba, ba kuwa mai ƙetarewa. Ina roƙon a ƙara guda ɗaya: ranar fita, kafin a hau mota, babba ya bi karnuka ya shafa wuyan ƙafarsu. Wanda kullutunsa bai baje ba, ya tafi, amma a igiya, kuma mai shi a ba shi kasonsa na nama cikakke kamar wanda karensa ya yi kamu, don kada ya ga ya yi asarar yininsa.